Ido Garau, Gani Rabi: Tarihin Makantar Ɓari Daga Fagen Fama Zuwa Sabon Layi

Gabatarwa

A unguwar Sabon Layi ta cikin garin Mubi mun san wani bawan Allah, tela ne kuma malamin makarantar allo, wanda ya faɗo daga kan acaɓa wasu shekaru da suka shige, ƙeyarsa ta bugi kwalta. Ya yi jinya, rauni ya warke, 'yan'uwa da maƙwabta suka yi masa barka da arziki. Ba a jima ba sai aka fara lura da wasu halaye waɗanda ba a san shi da su ba. In zai shiga zaure sai ya bangaji ƙofa da kafaɗarsa ta hagu. In aka miƙo masa hannu daga hagu domin musafaha sai ya wuce abinsa. Wasu suka ce girman kai ya same shi, wasu suka ce iska ce ta taɓa shi. Da aka kai shi awon ido ya karance allon haruffa har layin ƙasa, aka ce masa idanunsa garau suke. Shi kuwa abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne karatun Alƙur'ani, wanda ya saba zubawa kamar ruwa, ya koma yi masa wuya in dai da dubawa ne.

Wannan lalura tana da suna a wurin likitoci, suna ce mata hemiyanofiya, wato rasa rabin gani. A wannan maƙala za mu kira ta makantar ɓari. Manufarmu ita ce mu bi diddigin yadda ɗan'adam ya gano ta, da irin farashin da aka biya kafin a fahimce ta, sa'an nan mu dawo gida mu ga abin da wannan tarihi yake gaya wa gari irin Mubi.

Harshenmu da Makanta

Ko shakka babu Bahaushe ya san ciwon ido, kuma harshensa shaida ne. Yana da yana, da hakiya, da amosani, da dundumi ga wanda ba ya gani da dare, yana kuma cewa wane yana gani garara-garara. Hasali ma ya tsara wa makafi shugabanci, domin da wuya a sami babban birni a ƙasar Hausa wanda ba shi da Sarkin Makafi. Sai dai in muka lura za mu ga dukkan waɗannan kalmomi ƙwayar ido suke nuni gare ta. A tunaninmu na gado ido shi ke gani, in ido na da lafiya to gani na da lafiya.

Aikin asibiti na zamani ma da wannan fuska ya shigo mana, kuma da dalili. Asibitin ido na mishan da ke Kano, wanda aka buɗe a 1943, da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, sun tarar da jama'a cikin yana da amosani da makantar da ƙudan rafi ke kawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yana ce ta fi kowace cuta yawa, kuma shiyyar Arewa maso Gabas ita ce kan gaba. Wanda ke fama da irin wannan taro ba abin mamaki ba ne in mai ido garau ya kuɓuce wa lissafinsa.

Daga Ido Zuwa Ƙeya

Gaskiyar al'amari ita ce ido ɗan aike ne, ƙwaƙwalwa ce mai gani. Haske kan shiga ido ya sauka a kan wata shimfiɗa da ke can ƙuryarsa, daga nan jijiya mai ɗauke da zare fiye da miliyan ɗaya ta kwashi saƙon ta nufi cikin kai. Jijiyoyin idanu biyu kan haɗu a wata mararraba a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, inda kusan rabin zaren kowane ido yake tsallakawa zuwa ɗaya ɓangaren, sauran rabin ya tsaya a ɓangarensa. Sakamakon wannan rabo shi ne duk abin da ke hagun mutum, ko da wane ido ya gan shi, ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ake kai wa, abin da ke damansa kuma a kai wa ɓarin hagu. Zangon ƙarshe na wannan tafiya yana can bayan kai, daidai ƙeya.

Ke nan in rauni ya sami ɓarin dama na ƙeya, mutum ba idon dama zai rasa ba, ba kuma na hagu ba. Rabin hagu na abin da kowane ido ke gani ne zai ɓace. Mai lafiya in ya tsayar da dubansa wuri ɗaya, fagen ganinsa daga gefe zuwa gefe ya kai kimanin digiri 180. Mai makantar ɓari rabin wannan ya rage masa. Abin da ya sa lalurar take da wuyar ganewa shi ne yawanci mai ita ba baƙi yake gani a wancan gefe ba. Babu komai ne kurum, kamar yadda mu ba ma ganin duhu a bayan kanmu, ba ma kuma jin mun rasa wani abu. Saboda haka da yawa sukan ɗauka idon wancan gefe ne ya yi rauni, wasu kuma ba su san da wata matsala ba sam.

Abin da Magabata Suka Hango

Sanin cewa jijiyoyin ido suna haɗuwa daɗaɗɗe ne. Hunainu ɗan Ishaƙa, likitan Bagadaza wanda ya rasu a 873, ya yi bayaninsu a cikin maƙalunsa goma a kan ido, bisa abin da ya gada daga Jalinusu na Yunan. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basara wajen 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rushe tsohon ra'ayin da ke cewa haske daga ido yake fita, ya tabbatar a cikin Kitabul Manazir cewa shiga yake yi, ya kuma nuna cewa ba a ido gani ke kammala ba, sai a ƙwaƙwalwa. Sai dai shi a gaban ƙwaƙwalwa ya ajiye mazaunin gani.

A 1704 Isaac Newton na Ingila ya kawo shawarar cewa rabin zare ne kawai ke tsallakawa a mararrabar. Shekara 120 bayan haka, a 1824, wani masanin kimiyyar sinadarai mai suna William Wollaston ya ba da labarin abin da ya faru da shi kansa. Ya ce ya dubi sunan Johnson a rubuce, bai ga komai ba sai haruffa uku na ƙarshe, kamar dai a ce Bahaushe ya dubi sunan Muhammadu ya ga madu kaɗai. Daga wannan ya fahimci lallai Newton ya yi gaskiya. Wollaston ya rasu a 1828, ƙari a ƙwaƙwalwa ne ya yi ajalinsa.

Saura tambaya ɗaya, wane yanki ne na ƙwaƙwalwa yake karɓar saƙon? A nan aka yi ta ja-in-ja. David Ferrier na Landan, bayan gwajin da ya yi a kan birai cikin shekarun 1870, ya nuna wani wuri a gefen kai, ya kuwa yi kuskure. Hermann Munk na Balin ya nuna ƙeya, kuma shi ne ya dace. Daga 1890 Salomon Henschen na ƙasar Siwidin ya tattara bayanan gawarwakin mutanen da suka yi fama da lalurar, ya taƙaita wurin zuwa gaɓar wani tsagi da ke fuskar ciki ta ɓangaren ƙeya. An san unguwar ke nan, amma ba a san tsarin gidajenta ba.

Taswirar da Harsashi Ya Zana

Abin takaici, yaƙi ne ya ƙarasa aikin. A yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905 sojojin Rasha sun riƙe sabuwar bindiga ƙirar Mosin-Nagant, wadda harsashinta siriri ne, faɗinsa milimita 7.62, ga kuma gudu. Harsasan da suka gabace shi farfasa ƙoƙon kai suke yi, wanda suka sama ba ya tashi. Wannan kuwa sau da yawa yakan huda kai ya fice a miƙe, soja ya rayu. Gwamnatin Japan ta ɗora wa wani matashin likitan ido, Tatsuji Inouye, aikin auna yawan ganin da kowane soja ya rasa domin a san fanshon da za a ba shi. Inouye bai tsaya ga lissafin fansho ba. Ya ƙera wata na'ura ta auna mashigar harsashi da mafitarsa a jikin kai, ya ja layi tsakaninsu, ya gane yankin ƙwaƙwalwar da ya lalace, sa'an nan ya gwada shi da yankin ganin da ya ɓace. Daga mutum 29 ya zana taswirarsa, ya wallafa ta da Jamusanci a Laifzig a 1909. Ya nuna cewa abin da ke sama a fagen gani ƙarƙashin tsagin nan ake kai shi, na ƙasa kuma sama, kuma tsakiyar gani, wadda muke karatu da gane fuska da ita, tana can ƙarshen ƙeya ta mamaye fili mai yawa.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai abin ya maimaitu ninkin-ba-ninkin. Hular kwanon da aka raba wa sojojin Birtaniya tana kare saman kai, amma ta bar ƙeya a fili. Gordon Holmes, likitan jijiya ɗan ƙasar Ailan, yana aiki a asibitin soja na Buloin a Faransa, ya duba ɗaruruwan masu raunin kai. Shi da likitan ido William Lister suka fitar da tasu taswira a 1916, kuma ita ce ta shiga littattafan likitanci, sunan Inouye ya kusa ɓacewa har sai da aka fassara littafinsa zuwa Ingilishi a 2000. A 1917 George Riddoch ya lura cewa wasu sojojin suna iya jin motsin abu a gefen da ba sa gani, alhali ba za su iya faɗin siffarsa ko launinsa ba. A wannan shekarar kuma, a ɗaya ɓangaren fagen fama, Walther Poppelreuter na Jamus ya wallafa bayanin yadda yake horar da raunanan sojojinsu su koyi waiwayen gefen da suka rasa.

Taswirar Holmes ta yi aiki fiye da shekara 70. A 1991 Jonathan Horton da William Hoyt na Amurka suka sake duba ta da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ga digiri 10 na tsakiyar gani kaɗai sun cinye akalla rabin filin. Wato dai abin da Inouye ya hango gaskiya ne, har ma ya zarce yadda aka zata.

Mubi da Nata Rabon

Kada mai karatu ya ɗauka wancan yaƙi labarin nesa ne. Mubi tana hannun Jamus tun 1903 a matsayin wani yanki na Kamaru, Turawan Ingila suka karɓe ta a 1914, ba ta kuma zama cikin Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961. A daidai lokacin da Holmes ke duba sojoji a Buloin, ana gwabzawa a Garwa da kuma dutsen Mora a tsaunukan Mandara, kuma cikin masu riƙe da bindigar akwai Hausawa da sauran ƙabilun Arewa na Rundunar Afirka ta Yamma. Kwamandan Jamusawa a Mora, Kyaftin Ernst von Raben, shi kansa harsashi ya same shi a ka a 1915, ya rayu, ya miƙa wuya a Fabrairun 1916. Harsashi ɗaya ne a Faransa da Mandara, sai dai taswirar da duniya ta gada daga kawunan sojojin Japan da na Birtaniya aka zana ta.

Bayan shekara ɗari garin ya sake ɗanɗana irin wannan masifa. Bom ya tashi a Kabang ranar 1 ga Yuni 2014. A ƙarshen Oktoba na wannan shekara 'yan Boko Haram suka kama Mubi, aka ƙwato ta a Nuwamba. Ranar 21 ga Nuwamba 2017 wani ɗan ƙunar-baƙin-wake ya tayar da bom a masallaci a Unguwar Shuwa lokacin sallar asuba, 'yan sanda suka ce akalla mutum 50 sun rasu. Ranar 1 ga Mayu 2018 aka sake kai hari a masallaci da kasuwa, gommai suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan su. Mun saba da ƙirga mamata, mu yi wa waɗanda suka tsira barka. Amma tarihin da muka bi ya koya mana cewa a cikin waɗanda ƙarfe ya sama a ka suka tashi, akwai masu tafiya da rabin gani.

Bugu da ƙari, ba yaƙi ne babban mai kawo wannan lalura ba. Wani bincike da aka wallafa a 2006 daga birnin Atlanta na Amurka, a kan lalura 904 irin wannan, ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari bugun jini a ƙwaƙwalwa ne sanadinsu, wato abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki, kusan kashi 14 rauni ne a ka, kashi 11 kuma ƙari. Hawan jini kuwa yana cikin gidajenmu, haka nan babur. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tilasta sanya hular kwano daga 1 ga Janairu 2009, sai ga wasu 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙorai a ka domin su ɓatar da jami'ai. An yi dariya a lokacin. Wanda ya san abin da ke kwance a ƙarƙashin ƙeya ba zai ga abin dariya ba.

Boko da Ajami

A matsayinmu na ɗaliban adabi, wurin da wannan al'amari ya fi taɓa mu shi ne karatu. Masu nazarin motsin ido sun tabbatar cewa mai karatu ba kalmar da yake kai kaɗai yake gani ba, yana leƙen wadda ke gaba. Mai karanta rubutun boko yakan hango haruffa kusan 15 a damansa, uku ko huɗu kacal a hagunsa. Ga mai karanta rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu kuwa, abin juyawa yake yi. Saboda haka wanda ya rasa gefen dama, boko ne zai fi gagarar sa, domin kowace sabuwar kalma a cikin ɓoyayyen gefe take. Wanda ya rasa gefen hagu zai iya bin layin boko, wahalarsa ita ce gano farkon layi na gaba, amma Larabci da ajami su ne za su zame masa hawan dutse.

Wannan shi ne sirrin abin da ya sami malaminmu na Sabon Layi. Haddarsa tana nan, basirarsa tana nan, idanunsa lafiya lau. Kalmar da ke gaba ce take faɗawa inda ba ya gani. Al'umma irin tamu, wadda ɗanta ɗaya kan riƙe allo da safe ya riƙe littafin boko da rana, ya kamata mai awon ganinta ya gwada mutum da rubutun biyu. Haka kuma malamin aji wanda ɗalibinsa ya dawo daga jinyar haɗari ya koma tsallake kalmomi, ya dakata kafin ya kira shi daƙiƙi.

Abin da Tarihi Ya Bar Mana

Da farko, gane lalurar ba ya bukatar tsada. Mai dubawa ya zauna daura da mutum, ya sa shi ya rufe ido ɗaya ya tsayar da ɗayan a kan hancin mai dubawar, sa'an nan ya riƙa kawo yatsa daga gefe, sama da ƙasa, dama da hagu, yana tambayar lokacin da aka gan shi. In gefe guda ne ya ɓace a idanu biyu, to matsalar a bayan mararraba take, wurin likitan ƙwaƙwalwa za a nufa. In kuwa abin farat ɗaya ya zo ba tare da haɗari ba, alamar bugun jini ce, a garzaya asibiti ba a jira gari ya waye ba. Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga wannan fanni, domin tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya fara aikin tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan.

Na biyu, a gaya wa mai lalurar gaskiya. Wasu ganinsu yakan dawo, ko duka ko wani sashe, galibi cikin watanni uku na farko, bayan wata shida kuwa da wuya a ga wani canji. Ɗigon ido ko tozali ba sa kaiwa inda ciwon yake. Abin da ke taimakawa shi ne abin da Poppelreuter ya fara, wato horar da ido da wuya su riƙa kai ziyara gefen da ya ɓace har ya zama ɗabi'a. Akwai kuma tabarau mai gilashin karkatar da haske wanda Eli Peli na Boston ya fito da shi a 2000, yana jawo abin da ke ɓoyayyen gefe zuwa inda ake gani. Mai karatu zai amfana da ja-layi a ƙarƙashin sahu, ko jan alama a bakin shafi. Iyali kuma su riƙa zuwa masa ta gefen da yake gani.

Na uku shi ne mafi ɗaci. Mai makantar ɓari bai kamata ya koma kan babur ko sitiyari ba. A Birtaniya doka ta shar'anta wa direba fagen gani na akalla digiri 120. Sai dai a ce wa ɗan acaɓa ya ajiye babur daidai yake da a ce ya rufe tukunyar gidansa, don haka wajibi ne dangi da ƙungiyarsa su nema masa wata sana'ar. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019 ba za ta amfani irin wannan mutum ba sai an yarda cewa akwai naƙasar da ba ta nuna kanta a fuska.

Kammalawa

A wannan maƙala mun ga yadda sanin makantar ɓari ya taso daga Bagadaza da Alƙahira, ya bi ta Landan da Balin, ya cika a asibitocin sojan Japan da Faransa. Mun kuma ga cewa abubuwan da ke haddasa ta, wato hawan jini da haɗarin hanya da tashin bom, duk sun ziyarci Mubi. Waɗanda suka biya kuɗin wannan ilmi da kawunansu sun daɗe da shuɗewa, abin da ya rage mana shi ne amfani da shi. Malaminmu na Sabon Layi yanzu yakan karkata kansa hagu in zai shiga zaure, yakan kuma bi sahun Alƙur'ani da ɗan yatsa. Almajiransa sun koma zama a damansa. Maƙwabtan da suka zarge shi da girman kai sun gane, sukan zagayo ta dama su miƙa masa hannu.